Kalmar da Tela Ya Farke

Yayana tela ne, kuma Turancinsa irin na ƙyallaye ne: ɗan nan, ɗan can, sai ya harhaɗa. 'Yarsa kuwa Mazari muke ce mata, don ko dasa ta aka yi a kujera sai ƙafa ta yi rawa, yatsu na murza maɓallin riga har ya tsinke. Shekararta tara, ba ta taɓa kawo takarda daga makaranta an yaba mata ba.

Ranar da ta kawo sakamakon zangon nan ina shagon. Malamarsu ta rubuta kalma ɗaya a ƙasa: restless. Yaya ya gyara zaman tabarau, ya farke kalmar gida biyu kamar ɗinkin da bai zauna ba. Wai rest hutu ne, less kuma babu, ke nan yarinya ba ta hutawa, ƙwazo ya yi mata yawa. Ya nuna wa mai guga, ya nuna wa wani bawan Allah da wandonsa kawai ya zo karɓa. Mazari baki har kunne, sai tsalle take tsakanin yaduka.

Ni da na shekara shida ina buga takardu a ofis, abin ya tsaya min a wuya. Nufin malamar shi ne yarinyar ba ta iya zama wuri ɗaya, so take ta zama calm, mai natsuwa. Kuma ni ba na ganin kuskure in haɗiye, halina ne, an sha yi min gori. Amma wallahi tausayin yarinyar ya kama ni, don ban taɓa ganin ta cikin irin wannan murna ba.

Da ta ruga nuna wa uwarta, na ja kujera kusa da shi.

"Yaya, kalmar nan fa ba yabo ba ce."

Bai ko ɗago ba, yana ta neman kafar allura. "Na sani, Auta. Ita aka rubuta min ina aji huɗu. Baba ya sa aka fassara masa, ya zane ni tas. Daga ranar ban ƙara son aji ba."

Na leƙa ƙarƙashin keken ɗinkinsa. Ƙafarsa na ta rawa a gefen feda, alhali ba ɗinki yake ba. Ya ce duk duniya keken nan ne kaɗai bai taɓa ce masa ya natsu ba.

Sai ga Mazari ta dawo tana haki, takardar duk ta yamutse a hannunta.

"Gwaggo, Mama ta ce ke kika iya Turanci. Da gaske haka take nufi?"

Ƙafar Yaya ta tsaya cak. Tunda nake ban taɓa ganin ta tsaya ba.

Na ce, "Je ki abinki, 'yar nan. Kalmar nan ubanki ya fi ni saninta."