Wayar da ke Jikin 'Yar Cediya

Ranar da ɓarin jikina ya shanye, da safe na gama naɗe wa rassan 'yar cediyata wayar ƙarfe. Shekararta huɗu a tukunya, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Rassa biyar na lanƙwasa mata, na ƙasa ya kwanto hagu yadda nake so, na ce sati shida in cire. Na je famfo wanke hannu, sai farkawa na yi a gadon asibiti. Hannun dama ya mutu, ƙafa ta mutu, baki kuma in na buɗe shi ba abin da ke fita sai gurnani.

Bayan wata guda aka maido ni gida, garinmu Tianwei. Matata Giok-lan takan turo ni a keken guragu zuwa baranda kullum da safe, ta ajiye ni daidai gaban 'yar cediyar, wai in ji daɗi. Jin daɗin me! Damina ta sauka, zafi ya taso, kuma duk wanda ya taɓa renon cediya a ƙasar nan ya san yadda take ƙiba a irin wannan lokaci. Reshe na kumbura, waya tana nan yadda take. In aka bar ta sai ta nutse cikin ɓawo, ta bar tabo zagaye-zagaye wanda har abada ba ya ɓacewa. Ina zaune ina kallon abin yana faruwa, taku uku tsakanina da ita.

Na ɗaga hannun hagu na nuna. Na yi gurnani.

"Na sani, Baban Mei-chu, na sani," in ji Giok-lan, tana goge min baki da tawul. "Ba wanda zai taɓa maka ita. Ruwa kawai nake ba ta."

Ruwa kawai? Har da taki take zuba mata, mai kyau, irin wanda nake ɓoyewa a bayan rumfa. Ita a ganinta gata take mata. Bishiya ta yi shar, tana ta ƙiba, ni kuma kamar in fashe.

Amma laifin wa? Shekara arba'in da ɗaya ina faɗa mata kada ta taɓa min bishiyoyi. Muna sababbin aure ta taɓa datse wani reshe da ya tare hanyar shanya, na yi kwana tara ban ce mata uffan ba. Tun daga ranar, ko ganye ne ya faɗo cikin tukunya sai ta kira ni in ɗauke da kaina. Na koya mata karatun, ta kuwa haddace.

Sati na tara sai ga Kim-hok, maƙwabcinmu mai sayar da dashen lemo, da jakar gwaiba a hannu.

"Yaya Ban-tsai! An ce ka daina zagin mutane, na ce sai na zo na gani da idona."

Yana cikin dariya idonsa ya faɗa kan tukunyar. Dariyar ta tsaya. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin reshe.

"Kai! Yaya Giok-lan, wayar nan ta fara ci. Miƙo min filaya in yanke."

Wani sanyi ya ratsa ni. Na buga hannun keke, na yi ihu iya ƙarfina, ina nufin i, yanke, yanke maza!

"Ka ji ko?" Giok-lan ta shiga tsakaninsa da tukunyar. "Ka tayar masa da hankali. Likita ya ce kada jininsa ya hau. Tashi, Kim-hok."

"Haba, ai lalacewa za ta yi!"

"Ta lalace. Tasa ce."

Kim-hok ya dube ni, ga fuskata a karkace, ga miyau, ga ihu. Ya ɗauka shi nake kora. Ya ajiye gwaibarsa ya fita yana girgiza kai. Ranar na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ta zaci ciwo ne, ta kawo min kunun shinkafa, na kau da kai.

Kwana biyar ina tunani. Filayata tana aljihun rigar aikina, rigar kuma tana rataye a ƙusa jikin ƙofa tun ranar da na faɗi. Ran na shida Giok-lan ta shiga kicin, ta bar sandata jingine da keke. Na ɗauka da hagu na zunguri rigar. Ta ƙi. Na sake, gumi na zuba cikin idona. A karo na bakwai ko na takwas ƙusar ta sake ta, ta faɗo kan gwiwata. Na zaro filayar, na gwada matse ta. Ko ganye ba zan iya yankewa da wannan hannu ba, balle in kai taku uku.

Ta fito da ƙoƙon shayi ta gan ni.

"Me kake yi haka? So kake ka yanke kanka? Kawo."

Ta kama filayar za ta karɓe. Ban saki ba. Na tura ta cikin tafinta, na dunƙule yatsunta a kai da nawa, sannan na tura hannun nata wajen tukunyar. Ta tsaya tana kallona.

"Ni?"

Na gyaɗa kai.

"Ka tabbata? Kada gobe ka zo kana harara ta."

Na sake gyaɗawa har wuyana ya yi zafi.

Ta ajiye shayin, ta jawo kujera. Na san abin da baƙon hannu ke yi: ya kama bakin waya ya warware, ya saluɓe ɓawo, ko ya karya reshe. Giok-lan ba ta warware ba. Ta tallafi reshen da ɗan yatsa ta ƙasa, ta datse waya a kowane zagaye, guntu-guntu suna faɗowa cikin tafinta. Daga sama ta fara, inda rassa suka fi taushi. Inda wayar ta nutse ta ɗaga ta a hankali da farce, farin ruwa ya tsattsafo, ta dangwale shi da gefen tawul. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan.

Rassa huɗu sun tsira. Na ƙasan nan da na fi so ya yi tabo zagaye uku, masu zurfi. Ta shafa wurin da yatsa ta daɗe.

"Tun kafin a sallamo ka na ga ta fara matsewa," ta ce, ba ta dube ni ba. "Kullum ina kallo. Shekara arba'in ina shanya a bayanka, kana zaton makauniya ce ni? Jira nake ka ce in yi."

Na buɗe baki. Akwai abin da nake son faɗa mata, kuma ba zancen bishiya ba ne. Gurnanin nan ne dai ya fito.

Ta zuba guntayen wayar a aljihun rigar aikina, ta mayar da ita kan ƙusa. Filayar kuwa ta sa a nata aljihun, ta ɗauko shayin da ya riga ya huce ta kai min baki.