Cikin da Ya Fi Watanninshi

Mijina Sidi ya dawo daga Abijan gab da azumi, bayan ya daɗe can wajen bidar kuɗi. Duk ƙauyenmu Barmu an san ranar da mota ta sauke shi, don haka kowa ya iya lissafi. Cikina kuwa bai jira lissafin kowa ba. Kafin babbar salla ya turo gaba kamar na mai shirin haihuwa.

Yayarshi Tanna ta fara. A bakin rijiya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Zaliha, wanga ciki ai ya girmi dawowar ƙanena." Mata sunka kwashe da dariya. Tulun ma ban cika ba na koma gida.

Na tahi matanite, asibitin haihuwa a garin Tawa, anka yi mini eko, hoton ciki. Ungozomar asibiti ta nuna mini da yatsa. "Ga ɗanki nan, daidai da watanninshi. Wanga ƙaton kuwa ƙari ne, fibrom, ba kansa ba ce. Ba a taɓa shi yanzu. Kada ki sha sassaƙe, kada kowa ya danna miki ciki. Ki huta sosai, don yana iya kawo naƙuda kafin lokaci."

Na kai labari gida ina murna, sakarya ni. Tanna ta riƙe haɓa. "Ƙari! Sunan da ake ba abin ke nan yanzu?" Sidi kuwa, namiji har namiji, kanshi ƙasa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Mu jira haihuwa. In ta zo da wuri, ba ni yanka rago."

Kun ji hwa. In ƙarin nan ya turo mini yaro kafin lokaci, ɗana ya zama shege har ya mutu.

Na kwashe tsummokarana na koma wurin innata Ladi a Tawa, kusa da matanite. Daka, surfe, ɗaukar ruwa, duk ta hana ni. Wani lokaci ƙarin ya murɗa, in ciji zane in yi ta zufa, a kai ni a ba ni maganin ciwo, in dawo in kwanta. Ina kwance ina kallon rufin ɗaki, fuskar Tanna kawai nike gani. Tsanarta ta riƙe ni fiye da romon da Inna ke dafa mini.

Yaro bai motsa ba sai da watanninshi sunka cika cif. Ƙarin ya tare hanya, sai anka yi mini aiki. Lokotoron da ya yi aikin ya ce galibi barin ƙarin ake yi, amma nawa yana rataye da siririyar jijiya, shi ya sa ya cire. Anka nuna wa Inna shi a tasa, ta ce a bizne. Na ce a'a, a sa mini shi a kwalba da ruwan magani.

Ranar suna Sidi ya kawo rago mai ƙaho, anka raɗa wa yaro Hasan. Tanna ta shigo gidanmu da guɗa, ta sha leshi, wai ita gwaggon jariri. Da yamma anka fara rabon nama, kowace da kwanonta rufe da faifai. Nata ni na kai mata da kaina, ina dafe da ɗinki, har tsakiyar mata.

"Yaya, ga rabon gwaggo."

Ta buɗe tana murmushi. Ta saki kwanon, ta yi ihu, ƙarin ya gangara bisa tabarma, mata sunka watse.

"Ɗan da kika yi mini shaida da shi ke nan," na ce. "Ubanshi ke kaɗai kika sani. Ki kai mashi."

Babu wadda ta yi dariya. Tanna ta durƙusa tana kuka, tana "Zaliha, don Allah," ta miƙo hannu wajen Hasan da ke cinyar Inna. Na riga ta ɗauke shi.

Yanzu Hasan yana gudu a tsakar gida. Gwaggonshi ba ta taɓa ɗaukarshi ba, kuma in dai ina numfashi ba ta ɗauka.