Kunnuwan Fanka

Wata uku da zuwan labarin rasuwar Fanka, mahaifiyarsa ta shigo shagon Mai Hoto da ɗan ƙaramin hotonsa na kakin soja a naɗe cikin hankici. A can wata ƙasa bayan teku aka kashe shi a fagen yaƙi, a can kuma aka binne shi. Hoton nan kaɗai ya rage mata, tana so a faɗaɗa shi ta rataye a falo.

Mai Hoto ya karɓa jikinsa a sanyaye, don shi ne ya laƙaba wa marigayin sunan Fanka tun suna aji uku. Allah ya yi wa yaron kunnuwa, in ya juya kai sai ka ce iska za ta kaɗa. Shekara ashirin yana tsokanarsa, bai taɓa ba shi haƙuri ba. Yanzu abin na cin ransa. Sai ya zauna gaban kwamfuta ya rage kunnuwan, ya kwantar da su tsaf, a ganinsa ya wanke laifinsa ke nan.

Da tsohuwar ta dawo karɓa, ta gyara zaman tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Ɗan waye wannan kyakkyawan?"

"Inna, ai shi ne. Ɗan gyara na yi masa."

"Gyara? Ni da na haife shi ban gyara ba, sai kai? Da me kake so in gane ɗana? Da me na riƙa jan sa in ya ƙi wanka?"

Mai Hoto ya fara kame-kame. Ta ture jakar kyamararsa daga kan benci, ta zauna dab da shi, ta ce a mayar mata da kayanta yanzu, tana gani.

Ya mayar da kunnuwan yadda suke.

"Ƙara," in ji ta.

Ya ƙara kaɗan.

"Kai, rowa kake yi? Na gidanku ne? Ƙara!"

Dariya ta ƙwace masa, ita ma ta dara har tabarau na zamewa. Rabonsa da dariya tun ranar da labarin ya zo, sai ga hawaye sun biyo baya. Ya goge da hannun riga ya ci gaba da ja, har kunnuwan suka kusa taɓa bakin hular sojan.

"Inna, wallahi sun wuce na asali. Mutane za su ce ba'a nake masa."

Tsohuwar ta daina dariya. Ta kai yatsa ta shafa fuskar ɗanta a jikin gilashin kwamfutar.

"Bar su haka, ɗan nan," ta ce. "Inda suka kwantar da shi da nisa, ni kuma muryata ta tsufa. Kullum da safe zan yi masa magana, ina so ya ji."