Kwalabe Ashirin na Dakta Siddiƙa

Sau huɗu Dakta Siddiƙa ta zura sanda cikin tulun naitirojin, ruwan sanyin da ke daskarar da abu, kafin azahar, kamar dubawar za ta ƙara ruwan. Bai ƙaru ba. Farin sanyin da ya kama jikin sandar bai wuce faɗin yatsa uku ba.

Wata na biyu ke nan da aka fasa turakun lantarki a hanyar Damaturu, Maiduguri ta koma janareta da sola. Ɗakin gwaje-gwajen tsirrai da take aiki a ciki ya jure wannan. Ƙafewar tulun ce ba zai jure ba. A cikinsa akwai 'yan kwalabe arba'in da takwas, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, ɗauke da tsokar itace da aka daskarar shekara shida da suka wuce. Rabi na fayin ne, itacen katako mai ganye kamar allura, daga tsaunin Mambila, rabi kuma na dakwara, itacen da ke ba da ƙaro.

Tambaya ɗaya take bi tun tana ɗaliba. Tsokar itacen da ake reno a kwalba, ana yanka ta ana sauya mata abinci duk wata, tsufa take yi? Wadda aka daskarar fa, ta tsaya a inda aka bar ta? Nufinta sai shekara ta goma za ta narkar da su ta gwada.

"Dakta, ki zauna mana," in ji Baba Pindar, dattijon ma'aikacin da ya girme wa kowa a ɗakin. "Tun safe kike zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai."

"Baba, ina na ga wurin zama?"

Ta sake kiran Ba'ana, direban da ya tafi Kano ɗauko sabon ruwan naitirojin. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Ya Ba'ana, wushe, sannu da hanya. Kana ina?"

"Ina nan Damaturu, Dakta. Kwana uku. An rufe hanya, sun ce sai sojoji sun gama dubawa. Motoci sun fi ɗari a gabana."

"Tulun fa?"

"Yana huci. Na lulluɓa masa bargo, na sa shi a inuwa."

Ta san abin da hucin yake nufi. Ruwan yana bin iska ko da ba a taɓa shi ba.

Ta ɗauki mayafi ta tari Keke Napep zuwa Maisandari, wurin wani likitan dabbobi da a da yake ajiye irin bijimai a tulu irin nata. A shingen sojoji aka sauke su, suka taka da ƙafa hannu a sama, suka sake hawa. Likitan ya kai ta bayan gida ya nuna mata tulunsa. Babu murfi, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin.

"Shanun ma ina suke, 'yar'uwa?" ya ce.

Da ta dawo ba ta ko cire mayafin ba. Ta buɗe kabad, ta duba garin da ake dama wa tsokar abinci da shi. Ta auna, ta sake aunawa.

"Na kwalba ashirin ne kawai, Baba. In ruwan ya ƙafe sanyin ya sake su a hankali, duka za su mutu. Gara in narkar da ashirin da hannuna yau."

"Waɗanne?"

Ta murza zoben hannunta. Masu bincike na ƙasar waje da take aiki tare da su fayin suke jira, shi ne zai fitar da sunanta. Dakwarar kuwa babu wanda ya taɓa tambayarta.

Baba Pindar ya goge tabaransa da gefen riga. "Ni da marigayi Malam Ajimi, malaminki, muka yanko dakwarar nan a arewacin Magumeri. Itatuwan sun fi ni shekaru, ƙaronsu fari tas. Bara na haɗu da mai gonar a sansanin 'yan gudun hijira. Ya ce babu ko ɗaya a tsaye, an mayar da su gawayi." Ya mayar da tabaran. "Fayin kuwa yana nan a Mambila, ruwa na dukansa. Ban ce ki yi komai ba, Dakta. Labari kawai na ba ki."

Ta je taga ta dawo. Ta buɗe littafin aikinta ta rufe. Ta fita baranda, ta tsaya tana kallon wani jirgin yaƙi da ya keta sama ya nufi kudu, har ƙararsa ta ɓace.

"Dakwara goma sha huɗu, fayin shida," ta ce da ta shigo. "Ɗora ruwa, Baba. Ɗumin jikin mutum, kada ya wuce."

Suka sa safar hannu. Yana ciro kwalba daga cikin farin hayaƙin, tana tsoma ta a ruwan ɗumi tana kaɗawa har ƙanƙarar ta saki, ta juye tsokar kan abincinta a gaban wutar fitila. A kwalba ta bakwai ta daina jin ƙarar janareta. La'asar ta yi sakaliya kafin suka gama.

Ba'ana ya iso bayan kwana huɗu, idanunsa jajur, tulunsa ba nauyi. Kafin nan na ɗakin ya ƙafe. Siddiƙa ta fitar da kwalabe ashirin da takwas da suka rage, ta jera su a tire, ta rubuta ranar a jikin kowace. Ba'ana ya fara ba ta haƙuri, ta katse shi, ta aika a sayo masa abinci.

Mako uku tana shiga ɗakin renon sau goma a yini. A na huɗu tsokar ta motsa. Fayin huɗu suka farfaɗo, farare masu laushi kamar sabuwar auduga. Ta ajiye su kusa da 'yan'uwansu da aka yi shekara shida ana sauya wa abinci, waɗanda suka yi ja, suka yi tauri, suka daina fitar da tsiro. Ko Ba'ana da ya leƙo ya ga bambancin.

"Waɗannan 'ya'yan waɗancan ne?" ya tambaya.

"Sa'o'in juna ne. Rana ɗaya aka yanko su."

Dakwara tara ne suka rayu. Da damina ta faɗi, biyar sun yi saiwa, sun fitar da ganye ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Baba Pindar ya ce zai je sansanin ya faɗa wa mai gonar.

"Ka bari su ƙara ƙwari tukuna," ta ce.

"Tsoho ne, Dakta. Gobe da safe zan je."

Ta dube shi, ta dubi tsirran. Sai ta ɗauko wayarta ta shiga ɗaukar su hoto ɗaya bayan ɗaya, don ya tafi masa da shi.