Hannun Auta a Taron Jadawali

A ɗakin malamai na makarantarmu akwai dokar da ba a rubuta ba: ranar rabon jadawali kada ka kuskura ka fita, ko fitsari ne ya matse ka. Wanda ya fita, kafin ya dawo an jibga masa duk darasin da kowa ke gudu. Malamin tarihi ya taɓa fita amsa waya, ya dawo ya tarar shi ne mai darasin ƙarshe kullum har zango ya ƙare. Shekara ashirin da shida ina malamar lissafi a nan, na san halin mutanena. Ba mugaye ba ne, amma in ba ka nan tausayinka ba ya kama su.

Shi ya sa da na ga Auta ta shigo da goyo, gabana ya faɗi. Auta ita ce malamar kimiyya, ƙaramarmu duka, ranar ta dawo daga hutun haihuwa. Gidan renon da ke tsallaken titi sai mako mai zuwa zai fara karɓar jaririyar. Tun a bakin ƙofa ta raɗa mini abin da ta zo nema: a cire mata aiki a darasi na huɗu, wanda ke bin hutun tara, don ta riƙa tsallakawa ta shayar. Yarinyar ta ƙi kwalba ƙememe. In ba a ba ta ba, ko dai 'ya ta wuni da yunwa, ko uwa ta ajiye aiki. Ga shi kuma malamin wasanni ya shekara biyar yana riƙe da wannan gurbi, a lokacin yake miƙe ƙafa ya sha shayinsa.

An buɗe taro, an raba darasi na ɗaya lafiya. Ana cikin na biyu jaririya ta farka, ta buɗe murya. Shugaban makarantarmu mutumin kirki ne, sai dai kunya gare shi kamar sabon suruki. Yana kallon bironsa ya ce sito a buɗe yake, akwai kujera a ciki, Malama tana iya zuwa ta sake. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Auta ta fara laluben jakarta, ni kuwa na kama bakin zanenta ta ƙarƙashin tebur.

"Zauna, ƙanwata. Nan ma ai kujera ce."

Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta koma ta zauna. Ta gyara mayafi, ta sa yarinya a nono, kuka ya ɗauke ɗif.

Nan fa idanun maza suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Shugaba ya ɗaga kai ya ƙura wa fanka ido. Malamin labarin ƙasa ya shiga nazarin taswirar da shi ya kafa ta a bango da hannunsa. Malamin tarihi ya cire tabarau yana ta gogewa, gilashin har ya fara ƙara. Malamin wasanni kuwa sunkuyawa ya yi zai ɗaure igiyar takalmi, bai sake ɗagowa ba. Ladabi ne, ban ce ba ladabi ba ne. Da farko ma dariya abin ya ba ni.

Haka taro ya ci gaba, ana magana da bango da silin. Aka iso darasi na huɗu. Shugaba ya tambayi fanka ko akwai mai wata buƙata. Auta ta ɗaga hannunta ɗaya da ba ya riƙe da yarinya. Ba wanda ya gani. Ta ce ranka ya daɗe, a hankali don kada ta firgita mai shan nono, ƙugin fankar ya haɗiye maganar. Daga ƙarƙashin tebur malamin wasanni ya ce a bar shi yadda yake bara. Shugaba ya jawo takarda zai rubuta.

A nan dariyata ta ƙare, raina ya ɓaci. Na hana ta shiga sito, sai ga shi sun kai ta can tana zaune a tsakiyarsu. Na ɗauki dasta na buga tebur, ƙurar alli ta tashi.

"Shugaba, akwai hannu a sama."

"Ina?" ya ce, har lokacin idonsa na kan fanka.

"Inda kuka ƙi dubawa. Ku dubi fuskarta mana, bayin Allah. Ai ba da fuska take shayarwa ba."

Malamai mata biyu da ke gefe suka tuntsire da dariya. Malamin wasanni ya zabura zai ɗago, ƙeyarsa ta daki tebur. Shugaba ya sauko da ido sannu a hankali, kamar mai saukowa daga tsani, har ya tsaya a kan fuskar Auta. Bai mutu ba, ita ma ba abin da ya same ta. Ta yi bayaninta tsaf. Malamin wasanni ya fara gunaguni yana shafa ƙeya, na tuna masa cewa ƙwanjin nan da yake tinƙaho da shi ba shayi ne ya gina shi ba. Ya yi dariya, ya ce ya bar wa jaririyar, ai shi ma 'yarsa ce. Aka rubuta wa Auta gurbinta.

Da aka watse, Shugaba ya tsaya yana jera takardun da suke a jere. A shekara ɗaya muka kama aiki ni da shi, tun yana ƙaramin malami mai riƙe da makullai. Ya yi gyaran murya, ya ce yau na koya masa abu. Sai ya tambaye ni, ni lokacin da na haifi babban ɗana yaya nake yi, don shi bai tuna ya taɓa ganina da yaro a taro ba.

"Sito nake shiga," na ce. "Wata bakwai, a tsakanin karyayyun kujeru. Kai kake ba ni makulli."

Wannan karon bai nemi fanka ba, ni ya tsaya yana kallo.