Injin da Ya Riga Baƙuwa Isowa

An lulluɓe injin da bargo kamar mai zazzaɓi, ƙartin da suka ɗauko shi suna ta haki a bakin ɗakin gwaje-gwaje, Malama kuwa ta tokare ƙofar da hannu ɗaya.

"Ba zai shiga ba," in ji ta.

Ɗalibanta Anti Sake-Yi suke kiranta, a bayan idonta mana, don babu aikin da za ka kai mata ta karɓa a karon farko. Ita ce shugabar kwas ɗin gwajin jini a wannan kwaleji. A nan ake koyar da kwas ɗin, amma digirin na wata babbar jami'a ce da ke can ƙasar waje, kuma jami'ar ba ta yarda a buga tambarinta a kan abin da ba ta gani da idonta ba. Gobe mai dubawa za ta iso. In ta ce koyarwar nan ba ta kai ta can ba, an rufe kwas ɗin ke nan, 'yan ajin ƙarshe su fita da takardar da ko ɗan tireda ba zai naɗe kaya da ita ba.

Sai ga Darakta yana saukowa daga bene, gumi ya jiƙa masa kwalar riga. Wan mahaifiyarta ne, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Ke 'yar nan, mene ne haka? Injin ƙirga ƙwayoyin jini ne fa. Da kyar na samo aronsa. Kwana biyu kawai zai yi, baƙuwa ta gani, a mayar wa mai shi. Kowa haka yake yi."

"Kawu, ka yi haƙuri. Zanen aro ba ya rufe katara. In ta ce wani yaro ya kunna shi fa? Ko ni ban san inda makunninsa yake ba."

"A hannuna kika girma, yau ni za ki koya wa aiki? In aka rufe kwas ɗin nan saboda taurin kanki, ke za ki kalli iyayen yaran nan ki yi musu bayani."

Wannan magana ta soke ta, ba ƙarya. Ta san iyayen, wasu har gida suke zuwa gaishe ta. Amma ba ta janye hannun ba. Kawu ya yi tsaki, ya ce a kai injin barandar ofishinsa, a cire bargon, a goge shi. Mai ido ai zai gani.

Washegari baƙuwar ta iso, wata dattijuwa siririya, tabarau na reto a wuyanta, takalminta irin na mai yawan tafiya. Da suka bi ta baranda sai ta tsaya gaban injin. Ta shafa wata 'yar lotsawa da ke gefensa, kamar mai shafa kan akuyar da ta sani, ta wuce. Kawu ya kalli Malama, yana murmushin wanda tarkonsa ya kama.

A ɗakin gwaje-gwaje baƙuwar ba ta damu da sabon fentin bango ba. Famfo ta murɗa ta ga ko yana kawo ruwa. Ta buɗe firij ta sa hannu. Ta leƙa tsofaffin madubban hangen ƙwayoyin cuta, waɗanda yatsun ɗalibai suka cinye musu fenti. Sannan ta juyo.

"Ina injinku na ƙirga ƙwayoyin jini?"

"Ba mu da shi," in ji Malama.

Kawu ya ƙware da yawu.

"Na baranda fa?"

"Ba namu ba ne." Ta ci gaba. "Mun yi yarjejeniya da asibitin bayan kasuwa. Duk mako nake kai yaran, su yi aiki da na can da hannunsu."

"To mu je can," in ji baƙuwar. "Yanzu. Ni zan zaɓi ɗalibin."

Ta bi ajin da kallo. Ga 'yan gaba masu ƙoƙari, kowa ya miƙe wuya kamar zakara. Ina! Yatsanta bai sauka ko'ina ba sai can lungu, kan wani dogo da ake kira Sarkin Barci. Wannan bawan Allah, a tsaye ma yana iya gyangyaɗi. Shi ne wanda ta fi maimaita wa kalmar nan tata ta "sake yi" har muryarta ta dushe.

Suna shiga ɗakin gwajin asibitin wata ma'aikaciya ta ɗago kai ta tuntsire da dariya.

"A'a, Sarkin Barci! Yau ba ranarku ba ce, wa ya tashe ka?"

Baƙuwar ta ji, ta ɗan kalli Malama ta gefen ido. Ta miƙa wa saurayin kwalbar jini ta ce ya gwada.

Ya sa safar hannu. Bai taɓa jinin da aka ba shi ba tukuna. Ya ɗauko 'yar kwalbar awo, wadda an riga an san sakamakonta, wadda ake fara ba injin don a ga ko yana faɗin gaskiya. Injin ya yi gurnani, ya fito da lambobi. Sarkin Barci ya ƙura musu ido, ya sosa ƙeya da wuyan hannu.

"Ci gaba mana," in ji baƙuwar. "Ai ya kusa daidai. Ina sauri."

Malama ba ta da ikon sa baki. Kawu kuwa yana ta yi masa alama da gira, yi maza, yi maza.

"Ranki ya daɗe, ya ɗan kauce," in ji saurayin, da muryar nan tasa ta mai tashi daga barci. "Jinin mutum ne. Ba zan sa shi a injin da ya kauce ba. Sai na wanke na sake yi."

Ya wanke injin a natse, kamar ba kowa a ɗakin. Ya sake ba shi kwalbar awo. Da lambobin suka zauna daidai, sannan ya buɗe jinin da baƙuwar ta ba shi.

Wallahi a wannan lokaci Malama ta ji wani alfahari ya cika mata ƙirji. Ba ta haifi yaron nan ba, amma ko ranar da 'yarta ta fara tafiya ba ta ji abin da ya fi haka ba. Ta juya ta kalli bango, ta yi kamar tana karanta sanarwar wanke hannu.

Da yamma, a bakin mota, baƙuwar ta ce za ta ba da shawarar a sabunta izinin kwas ɗin. Ta ce ƙa'idar jami'a ba ta ce lallai kwaleji ta mallaki inji ba, cewa ta yi hannun ɗalibi ya san shi. Sai dai a gyara famfon wanke ido kafin ta dawo. Har ta sa ƙafa ɗaya a mota, ta waiwayo wajen Kawu.

"Injin barandarku kuwa, a gaishe min da mai shi. Na san shi da lotsawar nan. Duk kwalejin da na je a wannan zagaye yana riga ni isa. Nan ne kaɗai ba a ce min nasu ba ne."

Kawu ya gyara kwalar riga, ya ɗaga ƙirji.

"Ai mu nan ba ma irin wannan. Kin ga wannan? 'Yar ƙanwata ce. Ni na rene ta."

Malama ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Kawu."

Motar baƙuwar ta fita a hankali ta kama hanyar gari na gaba. Ba a jima ba ƙartin suka fito da injin, suka lulluɓe shi da bargonsa, suka ɗaure a bayan akori-kura. Direban ya duba agogo, ya ce wa yaransa su yi sauri, ana jiransu. Malama tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, mabuɗi a hannu, ta ga ya fita a guje ya bi hanyar da baƙuwar ta bi.