Kututturan Bakin Rijiya

Guga ya sake fitowa da laka. Mai Lambu ya yi jifa da shi, ya dubi albasarsa da ta yi yaushi, sannan ya ɗaga kai ga itatuwan turaren da ƙanensa Dogo ya dasa a kan iyakarsu. Sun miƙe sambal, ganye kore shar, suna jiran kamfanin da ke ƙona itace ya samar da lantarki.

Ya iske Dogo yana wasa gatari.

"Kai, zo ka ga aikin 'ya'yanka! Sun shanye mini rijiya tas."

"Yaya, a yi sallama mana tukuna."

"Sallamar me? Tudu aka ce ku dasa, inda ba a noma. Sai ka kawo su bakin ruwana?"

"Na dasa a tudun, ai kana gani suka ƙone. Dakon ruwa kaɗai ya cinye jarina. Wa ya ce in sauko kwari? Ba kai ba ne?"

Abin da ya fi ƙona wa Mai Lambu rai ke nan. Shi ya faɗa, don tausayi, lokacin da itatuwan ba su kai gwiwa ba. To wa ke da laifi, mai kyauta ko mai karɓa? Bai tsaya neman amsa ba.

"Ko su, ko ni."

"Damina ɗaya ta rage su isa sara, Yaya."

"Albasata ba ta san damina ɗaya ba."

Dogo ya ɗauki gatarinsa ya nufi itatuwan. Ya sare su duka, sirara, kamfanin ya ce ba su kai ba, masu gashin burodi suka kwashe a wulaƙance. Daga ranar ya daina gaishe da yayansa.

Mai Lambu ya zauna jiran ruwa. Ruwa bai dawo ba. Da ya zagaya iyakar wata safiya, sai ya ga kowane kututture ya fid da tofo jajaye, sun fi na farko yawa. Saiwar tana nan a ƙasa, tana sha.

Ya ɗauko diga. Ya daɗe yana haƙa kafin inuwar Dogo ta faɗo kansa.

"Ai da ka tambaye ni, da na gaya maka suna tofowa."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Sara ka ce, Yaya. Na sare."